Tukunyar da Bature Ya Bari

"Injin giya ne wannan," in ji dattijon, yana nuna doguwar tukunyar lantarkin da ke tururi a kicin ɗina a unguwar Suwaidi. "A Riyad? So kake a ƙwace mana iƙama, takardar zamanmu, gaba ɗaya?"

Shi ne shugaban 'yan ƙasarmu a unguwar. Kalmarsa ɗaya a wajen kafilina, uban gidan da ya tsaya min a ƙasar, ta isa a sa ni jirgi zuwa gida.

"Da can ne, Baba," na ce. "Wani Bature ya bar wa direbansa, ni kuma na saya. Wata uku ina fama da ita. Ramukan kwandonta sun yi wa gero faɗi, na sa mata rariya. Famfonta yana toshewa, na canza shi."

Na ɗauko wanda na dama a cikinta da safe daga firji, na cika masa kofi. Ya daɗe yana shinshinawa kafin ya kurɓa. Kunun zaƙi ne, ba ƙwayar sukari, zaƙin tsiron gero da dankali kawai.

"Rabona da irin wannan shekara ashirin," ya ce. Ya dubi lambar ma'aunin zafi da ke haske a jikin tukunyar. "Sittin da biyun nan fa?"

"Inna ba ta zuba tsiro sai ta tsoma yatsa ta ji zafin ya yi daidai. Ta rasu ban tambaye ta ba. Sau goma sha ɗaya ina ɓata gero kafin na dace." Na shafa lambar. "Yatsanta ke nan, Baba."

Ya miƙo kofin da hannu biyu, in ƙara masa.