Robar da Namadi Ya Ɗaura wa Sandar Giya

Kwana tara ke nan Namadi yana fama da injin huɗarsa a fadamar da ke gefen Gummi, kuma ko rabin gonar bai gyara ba. Ƙaramin inji ne mai taya biyu, irin wanda mutum ke riƙewa yana bin sa a baya, wuƙaƙen ƙarfe suna juyawa a ƙarƙashinsa suna farfasa ƙasa. Tsohon hannu ya saya bayan daminar 2014, lokacin da ya bar ramin zinari a Anka ya dawo gida. Irin albasar da ya zuba ya isa dashe, har ganyensa ya fara kwantawa. Idan ya ƙara mako guda a komi, noman ranin bana ya wuce shi.

Matsalar injin guda ɗaya ce. Akwai sandar giya da ke sa wuƙaƙen su juya. Da zarar sun shiga ƙasa mai tauri, sai sandar ta fizge ta koma, wuƙaƙen su tsaya. Namadi ya mayar da ita, ya yi taku goma, ta sake fita. Kafin la'asar kafaɗunsa sun mutu, kuma abin da ya huɗe bai taka kara ya karya ba.

A rana ta goma ya aika aka kira Dodo makaniki, wanda taubashinsa ne. Dodo ya duba bel, ya ga lafiyarsa ƙalau. Ya ja wayar kulochi, ita ma babu laifi. Sai ya durƙusa ya kwance noti a gindin akwatin giya, ya tara gwangwani. Man da ya zubo fari ne, mai kauri, da wasu ƙananan abubuwa masu ƙyalli a ciki. Ya murza shi tsakanin yatsunsa.

"Taubashi, wanga mai ne, ko hura ka dama mishi?"

"Bar wasa, Dodo. Mi ka gani?"

"Yaushe rabon da ka canza mishi mai?"

"Wanda ya sai man injin ya ce man da ke ciki sabo ne."

"Kai kuwa ka yarda, don kai ɗan kirki ne. Sil ɗin da ke tare mai ya tsage, ruwan fadama ya shiga. Ka ga wanga ƙyalli? Haƙoran giya ne ke cin junansu. Sun siɗe, shi ya sa sandar ba ta zama. Sai in buɗe shi, in wanke da kananzir, in sa sabbin haƙora da sil, in zuba mai. Kayan kuwa sai Gusau. Ba ni kwana huɗu."

"Kwana huɗu! Iri shina mutuwa, kana ce man kwana huɗu?"

"Ari shanun huɗar maƙwabcinka Magaji ka rage aiki kahin in dawo."

Namadi ya zauna a kan kunya, ya share fuska da hularsa. "Na gaji, Dodo. Wallahi na gaji. Ba ni iya bin shanu bana."

Ya tashi ya ɗauko tsohon tiyub na babur, ya yanko doguwar roba, ya tura sandar ya naɗe ta da ƙarfen hannun injin, ya ƙulle tam.

Dariya ta ɗauke daga fuskar Dodo. "Kwance ta. Wanda ya ƙera injin ga ba wawa ba ne. An yi sandar ne don ka tsai da wuƙaƙe duk sa'ad da za ka ja baya. In ka ɗaure ta, juyawa za su yi suna bin ƙahwahunka."

"Ai ina da ido."

"To, ni dai ka sheda na hwaɗi, kuma ba hannuna ciki."

Kwana biyu injin ya yi aiki ba tsayawa. Da matarsa Salamatu ta ga ya dawo gida da wuri, ta yi hamdala, shi kuma ya ce mata makanikai ba su da aiki sai tsorata mutane.

A rana ta uku da hantsi ya kai ƙarshen gona, ya sa injin ya ja baya domin ya juya. Akwai hanyar ruwa a bayansa, gefenta da laka. Diddigensa ya zame, ya faɗi zaune. Injin ya ci gaba da tahowa. Ya miƙa hannu ya bugi sandar da dukkan ƙarfinsa, amma robar ta riƙe ta. Kafin maƙwabcin gonarsa ya rugo ya kashe injin, wuƙaƙen sun kama ƙafarsa ta dama tun daga idon sawu har ƙwauri.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma laka da tsatsa sun shiga raunin. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Salamatu da danginsa duk suna asibiti, babu wanda ya tuna da gona, irin ya bushe a komi. Ranar da Dodo ya zo dubiya, ya daɗe zaune a bakin gado, bai yi wasa ko ɗaya ba. Namadi ya juya fuskarsa bango ya ce, "Ka hwaɗa man." Dodo ya ce, "Allah shi ba ka lahiya."

Mai karatu, idan sandar inji ta ƙi zama, alama ce cewa wani abu ya lalace a ciki, kuma ɗauri ba ya gyara shi. Mu riƙa duba man giya, mu saurari mai gyara, kada gajiya ko gaggawa ta sa mu ɗaure abin da aka yi domin ya tsare rayuwarmu.