Teburin Italiya a Dei-Dei

"Da wannan guntun ƙarfen za ki kwaikwayi aikin Italiya?" Alhaji Fatihu ya tambaya yana dariya. Ya ɗaga ƙarfen sassaƙar da Felicity ta ƙera da tsohon sifirin ɗin mota, wanda bakinsa ma ya ɗan ɓalgace.

Felicity ta kashe injin da ke juya katako, ta karɓe ƙarfenta. Shekara goma sha biyu tana sassaƙa a kasuwar katako ta Dei-Dei, ba yau ta fara ganin raini ba.

"Alhaji, miƙo ƙafar teburin da ta karye in gani."

"A hankali! Kayan waje ne, a babban kanti na saya. Kira mini oganki kawai."

"Ni ce oga."

Ta kifa ƙafar, ta nuna masa wani siririn layi da ya taso ya zagaye gindinta. Ta ɗora bakin ƙarfenta a kai. Layin ya shige cikin ɓalgacewar daram.

"Bara na sassaƙa wa mai kantin nan irinta guda arba'in," ta ce, ta kunna injinta. "Sannu da zuwa Italiya, Alhaji."