Shafi na Bakwai

Tun daga Birmingham Su'ad ta hawo train, ta iske Ubaidullah a wani café a Withington. Ko zama ba ta yi ba, ta ajiye takardu a gabansa.

"Abba ya gani a printer."

Rubutun Ubaidullah ne na neman PhD a falsafa, shafi shida da ya tura mata ta duba masa Turancin. Ciki ya jero hujjojin masu cewa babu Allah da duk ƙarfinsu, yadda ake yi kafin a rushe su.

"Ya ce ba zai ba wa mulhidi 'yarsa ba." Su'ad ta nuna takardun. "Na rantse masa amsarka tana shafi na bakwai. Ya ce ka zo ranar Asabar ka karanta masa."

Ubaidullah ya sunkuyar da kai.

"Ubaid, dube ni mana. Turo min in gani."

"Su'ad, wata uku ke nan ina sujada ina roƙon amsar nan." Ya ɗago ido. "Babu shafi na bakwai."

Sai a lokacin ta lalubi kujera ta zauna.