Muryar Sallau a Mataki na Goma

Tun da aka koma auna waƙa da hawaye, kowa a Kano yana da ɗan maɓalli a gefen ido, mai ƙyalli idan ya ƙirga ɗigo. Waƙar da ta fi sa kuka ita ke sama. Wadda ta faɗo ƙasa da mataki na goma kuwa, ranar Juma'a ake goge ta daga kowace waya.

"Mai Manja" ta yi mako talatin tana ta ɗaya. Wani mawaƙi ne ya naɗi muryar Sallau yana tallar manja, ya ɗora mata kiɗa, wata biyu kafin Sallau ya rasu. Matarsa Uwani ba ta da sauran muryarsa sai wannan. Yanzu gari ya gaji da kuka, waƙar ta gangaro ta goma.

Ranar Alhamis da hantsi Uwani ta tsuguna gaban Malam Barau mai albasa.

"Malam, zaɓo mini wadda ta fi yaji."

Ya dubi jajayen idanunta. "Baiwar Allah, ke ce ta huɗu yau. Maɓallin nan ya san hawayen albasa, ba ya ƙirgawa."

Ta saya duk da haka. A bakin kasuwa lasifika ta saki waƙar, Sallau ya ja "Manjaaa!" kamar yana bayan katanga. Uwani ta tsaya cak. Ta matse ido, ta tuno likkafani, ta tuno takalmansa a zaure. Wata da watanni tana zubarwa, yau ko ɗigo.

Waƙar ta ƙare, maɓallin bai yi ƙyalli ba.