Ranar da Aka Janye Barewa

Tun da aka kafa dokar nan, duk motar da aka daina ƙerawa da kanta take komawa masana'anta a narkar da ita. Malam Tanimu ya ji a rediyo cewa kasuwar Barewa, irin motarsa, ta faɗi, sabuwar ƙira za ta maye gurbinta, amma sai bayan Sallah. Shi ya sa ranar Talata da hantsi ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Kande, zai kai ta Zariya wankin ƙoda.

Suna wuce Kwanar Dangora sai sitiyari ya ƙwace masa, ƙofofi suka kulle.

"An matso da ranar janyewa," in ji motar cikin ladabi. "Mun gode da hulɗa da mu."

Ya taka birki, birki ya ƙi.

"Tanimu, nan ba hanyar asibiti ba ce."

"Yanke za mu yi, Inna. Ki kwanta."

Ya duba madubi. Barewa ce jere har iya ganinsa. A ta kusa da su wata mata ta manna jaririnta da gilashi, ko wani zai gani. Ya kira kamfanin, aka ce a na'urarsu motarsa babu kowa a ciki.

A bakin masana'anta ma'aikatan da aka sallama saboda daina ƙera Barewa suka kwanta a kan kwalta don tare hanya. Motocin suka tsaya cak. Wani dattijo ya fasa gilashi da guduma, suka zaro Inna tana salati.

Motar ba ta mutu ba. "Ana jiran hanya ta buɗe," ta ce.