Otal Mai Komai a Ciki

Yatsanta na kan madannin kwamfuta za ta biya kuɗin otal, Abba ya sake cewa, "Dakata tukuna."

Mako uku ke nan tana karanta masa bayanin otal ɗin nan na bakin teku, wanda biya ɗaya ya haɗa ɗaki da ci da sha. Kullum tambayarsa ɗaya, naman na halal ne? Umma kuma ta dage sai ta tafi da tukunyarta. Ita dai 'yar tasu burinta kwana biyar daga su sai su, ba baƙi, ba wanke-wanke, ta ƙare littafi guda a kan yashi.

Sai ga Kaka, wadda ta zo musu ziyara daga Kano, ta shigo da waya a hannu.

"Na gaya wa gwaggonki ta garin Manassas da danginmu na College Park. Su goma sha bakwai, Asabar za su iso nan da jakunkunansu. Ba ke kika ce kowa na ciki ba?"

"Komai, Kaka! Komai na ce!"

"To, ni yanzu da wane bakin zan hana su?"

Abba ya jawo kujerarsa kusa da ita, ya rage murya.

"Duba mini ko akwai jirgin Alhamis, mu bar gida kafin su iso."