Kafson da Inna Ke Rabawa

Wani saurayi ne mai ƙaiƙayin ƙafa ya dawo gida bayan ya daɗe a kudu. Ya tarar an sare durumin ƙofar gidansu, rijiyar unguwa ta ƙafe, tashar mota ta koma bayan gari, shagon magani kuwa ya hayayyafa a layinsu. Uwarsa Inna, wadda ya bari tana surfe ba mai kama mata, ita ce kwance dafe da mara, fitsari na ƙona ta, zazzaɓi ya ƙi sauka. Abin da bai sauya ba shi ne gwangwanin madarar nan na ƙarƙashin gadonta, mai kafso ja da baƙi a ciki. Haka take tun yana yaro. In zafin fitsari ya taso ta haɗiyi biyu, da ta ji sauƙi sai ta rufe gwangwani, sauran na maƙwabta ne. Matar da ba ta iya cin tuwo ita kaɗai, ina za ta iya shanye magani wata na nishi a bayan katanga?

Ya kai ta asibiti, aka ɗebi fitsarin. Ranar da ya koma, mai gwajin ta nuna masa wani ɗan faranti da ƙwayoyin cutar suka tsira a kai kamar hunhuna. An jera ƙananan takardu a ciki, kowace da irin maganinta. Inda magani ke ci, ta ce, za ka ga fili kewaye da shi kamar an share. Ya duba, ya sake dubawa. Cutar ta mamaye ko'ina, har ta haye takardar irin kafson Inna. Guda ɗaya tak ke da fili, allura ce, ita ma babu ita a garin, sai babban birni. “An yi ta zungurar ƙwayoyin cutar ba a kashe su ba,” in ji mai gwajin. “Yanzu sun saba.”

Jakar da bai gama kwancewa ba ita ya shiga ɗaurewa, zai tafi birnin neman allurar. Yana cikin haka Inna ta yafito shi, ta damƙa masa wani ƙulli a leda, tafin hannunta zafi zau. Kafso ne guda biyu. “Ungo, ɗan nan, saboda hanya. Biyu ma sun ishe ka.” Ya dunƙule hannu, ya kau da fuska, ya ce Allah ya saka da alheri.

Abin da Hausawa ke faɗa ke nan: an kashe maciji, ba a sare kansa ba.